Ɗakin da Baba Ya Sa wa Taya

Kwana uku aka yi ana zaman makokin Baba a gidanmu da ke Samaru, kuma a cikin kwanakin nan ban ga wanda ya shigo bai fara kallon gindin mangwaro ba kafin ya kalle mu. A can abin yake, inda Baba ya bar shi: keke mai taya uku, da ɗan ɗaki na farin kwano a bayansa a kan wasu tayoyi biyu, da faifan sola a kan rufin. Wasu su kalla su kau da kai da sauri, kamar sun ga abin kunya. Matan zumunta na cocinmu ma nesa da shi suka shimfiɗa tabarminsu.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ce ta fito da abin da ke cikin mutane da yawa. Isowarta ke nan daga ƙauye, ko ruwa ba ta sha ba, ta nuna shi da haɓa.

"Wannan akurkin ne ya cinye mini ɗan'uwa," in ji ta. "Ku biyu, da iliminku, kuna kallo tsoho yana jan ɗaki a kan kwalta kamar jaki."

Yayana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa abin da ta faɗa a fili shi nake ta juyawa a raina tun ranar Talatar da Baba ya rasu.

Mutum ɗaya ne ya je wurin keken kai tsaye. Abokin Baba ne, dattijo musulmi mai walda a Sabon Gari, wanda suka haɗa abin tare. Ya gaishe mu, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, sannan ya wuce ya tsuguna ya latsa tayar baya da babban yatsa.

"Iska ta ragu," ya ce da ni a hankali. "Kada ku bar ta ta kwanta. Malam ba ya so."

Daga nan ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, ya daɗe a tsugune.

Ina rubuta wannan ne don jikokin Baba. Idan sun girma za su ji labarin tsohon da ya ƙera akurki ya riƙa yawo da matarsa a ciki. Ina so su ji sauran labarin daga bakin wadda ta gani, ko da ita ma har yau ba ta san yadda za ta yanke hukunci ba.

Baba ɗan manoma ne daga wani ƙauye can gaba da Shika. Kakanmu bamaguje ne, sai da ya yi furfura ya shiga coci. Baba ya yi rayuwar aikinsa duka a wurin ƙera da gyaran injinan noma a nan Samaru, injin casar masara, injin ban ruwa, garmar shanu. Bai taɓa mallakar mota ba. Da keke ya je aiki, da keke ya yi ritaya. Fensir ba ya barin bayan kunnensa, har a cikin sujada, kuma babu kalandar da ta taɓa ƙare shekara a gidanmu bayanta yana fari. Idan ka kawo masa abin da ya karye ka ce haka kawai ya karye, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Ƙarfe ba ya ƙarya. Faɗa mini abin da ka yi masa."

Shekara huɗu da suka wuce Mama ta faɗi a madafa. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, maganarta ta koma ɗaiɗai, sai ta yi ta nema kafin kalma ta fito. Likita ya ce a riƙa kai ta gashin ƙashi asibitin Shika sau biyu a mako. Mun gwada tasi, mun gwada adaidaita. Ba ta iya zama a miƙe, sai mu lanƙwasa ta mu cusa, ni in riƙe kanta, duk ramin da aka faɗa ta yi ƙara. Wata rana ta zame daga kujera ta maƙale a ƙasa, muka yi ta fama kafin mu ciro ta, mutane sun taru suna kallo. Da muka dawo gida ta ce, "Ba na ƙara." Kuma ba ta ƙara ba. Wata biyu ba ta ga ƙofar gida ba. Abu ɗaya take maimaitawa, sunan yayarta da ke ƙauye, tsohuwar da idanunta suka mutu, wadda ita ma ba ta iya tafiya.

A lokacin ne Baba ya sauke kalanda daga bango.

Na ɗauka zane ne kawai, irin na mutumin da ya rasa abin yi. Sai ga shi ya zo da igiyar awo yana auna Mama a kan gadonta, daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ita kuma tana harararsa. Ya tambaye ta nauyinta, ta juya masa ƙeya. Sai ya ari buhun masara ɗaya da rabi a wurin maƙwabcinmu ya ce su ne za su tsaya a madadinta. Kusan kullum da safe yana hawa kekensa zuwa Sabon Gari wurin mai walda, su yanka bututun ƙarfe, su yi gardama, ya dawo da azahar hannuwansa baƙi ƙirin.

Na farkon da suka haɗa da katako ya yi shi, ya yi nauyi har tayar baya ta murɗe kafin ya kai ƙarshen layinmu. Na biyu ya yi tsayi. Ina tsaye a ƙofar gida ya sha kwana da shi, sai kawai na ga ɗakin ya ɗaga ƙafa ɗaya ya kife a cikin kwata, masara ta watse. Abin da na gani a raina Mama ce a kwatar nan. Baba ya sauka, ya zagaya abin sau biyu, ya ciro fensir.

"Gadon ya yi sama," ya ce. "Laifina ne. Nauyi ba a gardama da shi."

Na uku shi ne wanda ke gindin mangwaro. Gadon ya sauko kusa da ƙasa, yana zamewa a kan wasu ƙarafa biyu har ya fito waje, don a iya mirgina Mama a kai ba tare da an ɗaga ta ba. Tagar tana ɓarin dama, ɓarinta mai lafiya, da ragar sauro. Akwai wurin risho da tukunya, da wurin jarkar ruwa, da ɗan wurin da shi zai miƙe a gefenta. Ya ɗaura igiya daga gadon zuwa wata ƙararrawa da ke kusa da sirdinsa, idan tana son wani abu ta ja.

Sai batun injin. Ɗan ƙarami ne, a cikin tayar gaba yake, batir yana ba shi wuta, sola tana cika batir. Mai walda ya so a sa masa totur irin na babur, a murɗa kawai ya tafi. Baba ya ƙi. Ya haɗa shi yadda ba zai ja ba sai ƙafa tana juya feda.

"Batir ɗan gayya ne," in ji shi. "Idan mai gona ya zauna, shi ma ya zauna. Ba na son abin da zai gudu da uwarku ni ina kallo."

Ranar da suka fara zuwa Shika na bi su a kan acaɓa, ina ce wa ɗan acaɓar ya rage, ya rage, har ya gaji da ni. Hanyar nan ta tireloli ce. Duk wadda ta wuce sai ɗakin ya yi rawa. Baba yana da hawan jini, yana shan magani kullum, kuma shekarunsa sun haura saba'in. Ni malamar firamare ce, kuma daga ranar nan duk Talata da Alhamis wayata tana kan tebur a gabana ina koyarwa, ido ɗaya a allo, ɗaya a kanta. Ko kuskuren lamba aka yi aka kira ni sai in yar da alli in ɗauka da gudu.

Yayana bai iya haɗiye abin ba. Yana da shagon kayan wuta a Sabon Gari, kuma mutane suna zuwa har shagon su ba shi labarin sun ga mahaifinsa a hanya. Ya ce zai riƙa turo mota. Baba ya ce, "Motar za ta kwantar da uwarka?" Ya ce to a samo matashi ya riƙa tuƙawa. Baba ya ce ba zai ba wani amanar da bai san nauyinta ba. Murya ta hau murya. Yayana ya ce, "Baba, so kake a kira ni in zo in kwashe ku a titi." Baba ya tashi ya shiga ɗaki.

Wata Laraba da yamma, Baba yana taron dattawan coci, yayana ya zo ya kwance batirin ya tafi da shi. Ni na riƙe masa ƙofa. Tunaninmu shi ne idan babu batir dole ya haƙura.

Washegari da hantsi ina cikin aji matar maƙwabcinmu ta kira ni. Ta ce Baba ya fita da Mama tun ɗazu, ita ta taya shi ɗora ta. Ban san yadda na bar makarantar ba. A kan hawan da ke kafin Shika na same su. Ya sauka daga sirdi, ya dafa hannun keken yana turawa, rigarsa ta jiƙe har gindi, leɓɓansa sun yi fari kamar toka. Mama tana ta jan igiya, ƙararrawa tana ta kaɗawa, shi kuma ba ya iya tsayawa, don in ya tsaya abin zai koma baya da ita. Na sa kafaɗa a bayan ɗakin muka tura tare. Da muka kai sama ya sa dutse a bayan taya, ya zauna a bakin hanya yana jan numfashi. Da numfashin ya daidaita ya ɗago ya dube ni.

"Har da ke?"

"Har da ni, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Kun kori ɗan gayya. Gonar kuma ba ta ragu ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Daga asibiti na wuce Sabon Gari. Yayana ya ce idan ya mayar da batirin wani abu ya faru, ni zan amsa. Na ce masa yau saura ƙiris ya faru, kuma mu biyu ne za mu amsa. Ya ɗauko ya dire mini a kan kanta bai dube ni ba. Wata uku bai ci abinci a gidanmu ba. Sai wata Asabar ya zo da jar fitila mai walƙiya da jan kyalle mai ɗaukar ido, ya tsuguna ya ɗaura su a bayan ɗakin. Baba ya fito ya tsaya a kansa, ya ce wayar ta yi kusa da taya. Yayana ya gyara. Sulhunsu ke nan.

Akwai abin da ban sani ba sai a rana ta biyu ta makoki. Wata Bafulatana ta shigo da ƙwaryar kindirmo, babu wanda ya san ta. Ta ce ta yi makonni tana jinyar mijinta a Shika, a zaune take kwana a bakin ɗakin marasa lafiya. Wata rana da aka shigar da Mama gashi, Baba ya gan ta tana gyangyaɗi a tsaye, sai ya buɗe mata ɗakin ya ce ta shiga ta kwanta kafin a fito da mai ɗakin. Shi kuma ya zauna a waje a kan dutse yana gadi. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, masu jinya da yawa sun san ranakun zuwansa, suna kawo wayoyinsu ya sa musu caji, wanda barci ya fi ci ya shiga ya miƙe. Bai taɓa faɗa mana ba. Ni ce nake wanke zanin gadon nan, ina mamakin yadda yake saurin datti.

Tafiyar ƙauye ita ce ta fi tsaya mini a rai. Tun farko don ita ya yi ɗakin, Shika gwaji ce kawai. Da kaka ta yi ya ce lokaci ya yi. Na roƙe shi. Na ce masa hanyar ba ta da lafiya, kowa ya san ana tare mutane a wajen nan. Ya ce wanda ya tare shi zai samu tsoho da tsohuwa da risho. Ya tsara komai a bayan kalanda: su tashi da sassafe, su tsaya a inuwa da tsakar rana a bar keken a rana batir ya cika, su kwana a harabar wata coci da ke rabin hanya inda ya san faston, washegari su ƙarasa. Na haɗa musu garin kunu da magungunansu su biyun.

Ranar farko ya kira sau uku. Rana ta biyu ya kira da safe, daga nan wayarsa ta daina shiga. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi, biyu ta yi. Na rubuta lissafi a allo, yara suka ce Malama ba haka ba ne, na duba na ga gaskiyarsu. Yayana ya rufe shago ya zo, muka tsaya a ƙofar gida muna shawarar ko mu bi su, ko mu jira, ko mu fara tambaya a asibiti. Wajen la'asar wayar Goggo ta shigo. Na ɗauka, ban ji maganar kowa ba sai kukan tsofaffin mata biyu. Na zauna a ƙasa, na ɗauka shi ke nan. Sai Goggo ta ce, "Sun iso. Ke saurara kawai." Yayar Mama ce take shafa fuskar ƙanwarta da hannu tana kiran sunanta na yarinta. An ce da ta gama ta sa aka kai ta jikin ɗakin, ta shafa shi daga gaba har baya, ta ce a kira mata mijin ƙanwarta ta sa masa albarka. Wayar Baba kuwa babu abin da ya same ta, wurin ne babu sabis.

Kwanansu shida. Da suka dawo na tambayi Mama me ta gani. Ta nemi kalmar, ta samu.

"Dawa," ta ce. "Ta nuna."

Yayarta ta rasu da damina mai zuwa.

Ranar Talatar da Baba ya rasu ina gida, makaranta tana hutu. Sun dawo daga Shika wajen azahar kamar kullum. Muka shigar da Mama, ya koma waje zai goge sarƙar keken, ya ce in kawo masa ruwa. Da na fito da kofin na same shi a zaune ya jingina da tayar ɗakin, tsumma a hannunsa, kansa ya langaɓe. Na kira shi sau biyu. Kofin yana hannuna har mutane suka taru, ban san ina riƙe da shi ba.

Likita ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. Na tambaye shi kai tsaye ko keken ne. Ya ce ba zai iya ce mini e ba, ba zai iya ce mini a'a ba, mai yiwuwa keken ya rage masa kwana, mai yiwuwa shi ya ƙara masa. Da wannan amsar nake kwana nake tashi. Ni ce na karɓo batirin. Ni ce kuma na riƙe ƙofa aka fita da shi. Duk ta inda na biyo sai in ci karo da kaina.

Bayan an watse Mama ta juya fuska bango. Ta rage ci, ta daina neman kalmomi. Kusan wata guda muna haka. Yayana ya ce shi ƙafarsa ba za ta iya hawa wurin da Baba ya zauna ba, kuma na gane. Ni kuwa ban taɓa tuƙa keke ba a rayuwata.

Yau Asabar da safe na kai mata kunu, ta ture kofin, ta ce, "Waje."

Na kira mai walda. Ya zo da sifana ya sauke mini sirdin, ya nuna mini birki, ya ce taya uku ba ta kayar da mutum, in dai ban sha kwana da gudu ba. Na ce masa ni ba Baba ba ce, ni tsoro nake ji.

Ya dube ni. "Kin ɗauka shi ba ya ji? Duk ranar da zai hau hanyar Shika sai ya kira ni da safe. Ya ce, na yi addu'ata, kai ma ka yi mini irin taku. Shekara uku bai fasa ba ko sau ɗaya."

Ban taɓa sani ba. Ban taɓa tambayarsa ba. Ina ta fama da tsorona, ban lura mutumin da ke kan sirdin yana ɗauke da nasa ba.

Muka mirgina Mama a kan gadon muka tura ta ciki. Na hau. Na taka feda, injin ya kama, abin ya tafi da sauƙin da ya ba ni tsoro. Na bi layinmu a hankali, maƙwabta suna fitowa ƙofa. Da na kai inda ƙasa ta haɗu da kwalta wata tirela ta wuce, na matse birki da hannu biyu. Na sauka na je tagar.

"Mama, iyakata ke nan yau."

Ba ni take kallo ba. Mai ƙosai take kallo a bakin hanya. Na sayo mata, ta ci guda biyu da hannunta, abu na farko da ta nema da kanta tun rasuwar Baba. Ta goge yatsunta a zani, ta daɗe tana neman kalma.

"Gobe," ta ce.

"Gobe Lahadi, Mama."

"Coci."

Cocinmu tana tsallaken kwalta.

Baba, Ubangijin da ka bauta wa da hannuwanka ya karɓe ka, ya sauke maka duk nauyin da ka ja, ya ba ka hutun da ka hana kanka. Mai walda ya ce in kira shi gobe da safe kafin mu fita. Na ce zan kira.